Kukan Birki a Gangaren Tudun Maje

Litinin, 6 ga Yuli 1964, bayan la'asar

Yau ma motar ta yi kukanta, Alhaji Maiwada kuma ya yi nasa. Muna gangarowa Tudun Maje a kan hanyarmu ta Malumfashi, na taka birki saboda kwalbatin nan da ba ya ɗaukar mota biyu, sai ta saki ƙara ƙiiii, kamar ana yanka akuya da dasasshiyar wuƙa. Alhaji ya buga sandarsa a bayan kujerata.

"Samadu, mota ce wannan ko amalanke? Ina da girmana a Funtua, in shigo Malumfashi 'yan kasuwa su ji ni tun daga nesa suna dariya? Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba ta yi shiru ba, aje mani makullina, Ɗanasabe na nan."

Ɗanasabe! Direban babbar motarsa ta ɗaukar auduga, mutumin da ke canza giya kamar yana fasa dutse. Shekara bakwai ina jan Fijon nan, Litinin da Alhamis, Funtua zuwa Malumfashi, ko kaza ban taɓa takewa ba. Yau saboda ƙara ana yi mani barazana da Ɗanasabe. Na ce, "To, Alhaji." Abin da ke raina ba "to" ba ne.

Ban dubi hagu ba da muka ratsa garin. Ba ni da abin dubawa a can.

Talata, 7 ga Yuli, hantsi

Na ɗaga mota a jak, na kwance tayar gaba ta dama. Bayan taya akwai kwanon ƙarfe da ake kira durom, a cikinsa shu biyu masu kama da jinjirin wata, kowanne an lulluɓe shi da lainin, wanda shi ke cije kwanon in an taka birki. Jar ƙasa ta cika ciki. Na hure, na goge tas, na mayar. Ƙasa tana sa kuka, kowane direba ya san wannan.

Alhamis, 9 ga Yuli, bayan magariba

Ba ƙasa ba ce. Ta yi kuka fiye da na Litinin.

Tunda littafin nawa ne, ba wanda zai karanta, bari in rubuta. Gidanmu, a'a, gidan Sada, yana bakin hanya ta hagu, daidai inda gangaren ya fara. Akwai wata ɓaraka a dangar gidan. Da motar ta yi ƙara na ga Inna ta madubi, tana tsaye a ɓarakar da ƙwarya a hannu, wai ruwan wanke-wanke ta fito zubarwa. Kullum ruwan wanke-wanke, kullum daidai lokacin da muke wucewa.

Ita ta haife ni, amma ni ɗan fari ne, don haka tun da na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ba. Wai kunya. Ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kawo ni Funtua, Allah ya ji ƙanta. Sada, ƙanena, shi ya zauna a gandu, shi ake kira da sunansa a ba shi ƙanzo. Bara waccan da Baba ya rasu aka zauna rabon gona. Abin da Sada ya faɗa mani a zauren nan gaban dattawa ba zan rubuta shi ba, hannuna ba zai iya ba. Inna tana bayan ƙofa tana ji, ko tari ba ta yi ba. Na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na rantse ba zan ƙara taka gidan ba muddin Sada ne mai gida. Kuma ban taka ba.

Saboda haka ta zubar da ruwanta, ni ina ruwana.

Juma'a, 10 ga Yuli, da safe

Ɗanasabe ya gaishe ni yana murmushi. Allah ya isa.

Asabar, 11 ga Yuli, azahar

Tayar gaba ta hagu. Lainin ɗin ya yi sulɓi yana ƙyalli, kuma in ya yi haka yana zamewa a kan durom ya yi ihu. Na goge shi da samfefa har ya yi kaushi, na sa ɗigon giris a inda shu ke zama, ban bari ya taɓa lainin ba.

Ina cikin yi sai ga Ɗanasabe ya tsuguna kusa da ni ba wanda ya gayyace shi. Ya ce, "Malam Samadu, zuba mata man gyaɗa cikin kwanon, yanzu ta yi shiru. Haka nike wa tawa."

Na ce, "Shi ya sa taka ba ta tsayawa sai ta sami bango."

Man gyaɗa a birki! Wannan shi ake so a damƙa wa ran Alhaji. Wallahi da ba don kada a ce ni na yi ba, da na bar su su gama da junansu.

Litinin, 13 ga Yuli, la'asar sakaliya

An kwana ana ruwa. Na gaya wa Alhaji damina ce, in durom ya jiƙa yana yin tsatsa, tsatsa kuwa tana kuka. Ya ce damina bakwai muka yi tare, ta bana ce kaɗai ta iya waƙa? Mutumin da bai san inda ake zuba ruwa a mota ba shi zai koya mani.

Yau Inna ba a tsaye take ba. A kan turmi take zaune, kuma babu ƙwarya.

Laraba, 15 ga Yuli, hantsi

Lauratu, autarmu, ta zo Funtua sayen magani, ta biyo ta garejin Alhaji. Ban ce ta zauna ba, ta zauna.

"Yaya, Inna ba lafiya. Ƙafafun sun kumbura, numfashi sama-sama."

"Ai tana da ɗa a gida."

"Kai ma ɗa ne."

"Yaushe? Wa ya ji ta faɗa?"

Ta murza bakin gyalenta. Can ta ce, "Ran Litinin da Alhamis tun da safe take cewa a fid da ita tsakar gida, wai ɗaki ya yi zafi. Da ta ji ƙarar nan sai ta ce a kai ta bakin danga. In kun wuce ta ce to, a maida ta."

Na ce ban tambaye ta ba, kuma ina da aiki. Ta tashi ta tafi tana share ido. Ita ma ta iya kuka, duk gidan sun iya kuka, sai a ranar da ake buƙatar baki ɗaya ya buɗe ya ce "Sada, bari." A ranar kowa kurma ne.

Na jefar da sifana ta bugi ƙofar gareji. Na daɗe ina nemanta cikin ciyawa.

Alhamis, 16 ga Yuli, bayan magariba

Tana nan a ɓarakar. Lauratu ce ke riƙe da ita.

Asabar, 18 ga Yuli, azahar

Tayar baya ta dama. Na duba sifirin ɗin da ke janyo shu baya, da ƙarfinsu. Na shafa cikin durom da yatsa, sumul. Ba komai a nan, na san ba komai tun kafin in kwance.

Saura ɗaya. Hadari ya taso, na sauke jak.

Lahadi, 19 ga Yuli, da yamma

Ba a yi ruwan ba jiya. Yau kuma bayana ke ciwo.

Litinin, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Sada ne a bakin hanya da fartanya a kafaɗa. Ya ga motar, ya tofar da yawu gefe, a hankali, yadda zan gani. Na taka birkin nan da dukan ƙarfina, motar ta kurma ihun da sai da kaji suka watse, hular Alhaji ta faɗo gaba. Ina fata ya shiga kunnen Sada ya kwana a ciki.

Ban ga kowa a ɓarakar ba sai da muka kusa kwalbati, sannan na hango farin ɗankwali. Sun makara wajen fito da ita. Mutum biyu a gida, su kasa ɗaga tsohuwa ɗaya a kan lokaci.

Alhaji ya ɗauki hularsa yana huci. "Ran Alhamis ka kai ta wurin Luka. Na gaji da gyaranka."

Talata, 21 ga Yuli, da safe

Ba na son Luka ya taɓa mani mota.

Alhamis, 23 ga Yuli, bayan magariba

Malam Luka makanike ne a Malumfashi, a gindin wata ɗorawa yake aiki. Turawan mishan suka koya mashi, kuma ba ya gaggawa, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan. Na sauke Alhaji a kantinsa na kai motar. Luka bai ɗauki ko sifana ba. Ya zagaya motar hannu a baya, yana duban tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan ta baya ta hagu ya tsaya.

"Malam Samadu, uku ka kwance."

"Wa ya ce?"

"Notinan suka ce. Waɗancan duk da sawun sifana. Wannan kuwa laka ta bushe a kansu tun farkon damina."

Na ce lokaci ne ban samu ba. Ya sa jak. Da ya zare durom ɗin ya miƙo mani shi cikin rana. Ga zane nan zagaye a ciki, kamar an ja da ƙusa, kuma ƙusar ce. Lainin ya cinye har kawunan ƙusoshin da ke riƙe da shi sun fito, su ke gurzar ƙarfe.

Ya ce, "Kai da ka fi ni kunne, ka san daga wace taya take fitowa tun ranar farko."

Na ce ya mayar yadda yake, in an kwana biyu zan sayo sabon lainin a Zariya.

"Ina da shi a nan."

"Na ce ka mayar."

Ya dube ni sosai. "Ban san dalilinka ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma wannan in ya ƙara sati biyu, wata rana za ka taka a gangare motar ta ja gefe guda. Akwai gidaje a bakin hanyar nan. Ba zan mayar da shi da hannuna ba."

Akwai gidaje a bakin hanya. Kamar ni ban sani ba.

Na zauna a kan tsohuwar taya ina kallo ya fitar da ƙusoshin, ya kafa sabon lainin, ya bi bakinsa da magagari ya dasashe shi don kada ya kama da kaifi, ya goge zanen da ke cikin durom. Ya yi ɗaya gefen ma don su daidaita. Aiki mai kyau, Allah ya sani, kuma na tsane shi. Da Alhaji ya zo ya tambayi mi ya faru, Luka ya ce, "Lainin ne ya cinye, Alhaji, yana faruwa." Bai ƙara ko kalma ba. Har rufin asirin nasa haushi ya ba ni. Wa ya roƙe shi?

A dawowa hawa ne, ba a taka birki a Tudun Maje.

Juma'a, 24 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Alhaji ya sa na tsaya a ƙofar masallaci sau biyu don abokansa su ji yadda ba a jin komai. Ya ce in ci gaba da riƙe makulli. Fuskar Ɗanasabe kamar an aiko mashi da rasuwa. Na ci, ke nan.

Litinin, 27 ga Yuli, la'asar

Mun gangara Tudun Maje shiru kamar ɓarayi. Na taka, ta tsaya lafiya lau, ko ƙis. Ba kowa a ɓarakar.

Na ɗora hannu a kan oda na ɗauke. Kowace motar auduga tana danna oda a gangaren nan, ta yaya za a san tawa ce? Kuma ni ba na kiran kowa. Ban taɓa kiran kowa ba. Birki ne ya lalace.

Talata, 28 ga Yuli, da rana

Tuwon mai tuwo ya yi tsami. Na bar shi.

Alhamis, 30 ga Yuli, bayan magariba

An toshe ɓarakar da sabon kara. Aikin Sada ne, na san ɗaurinsa, a karkace kamar halinsa.

Asabar, 1 ga Agusta, hantsi

Lauratu ta sake zuwa. Wannan karon ba ta zauna ba, kuma ba ta gaishe ni ba.

"Ran Litinin ta wuni a tsakar gida har rana ta faɗi, ba ta ji komai ba. Ran Alhamis ma haka. Ta ce da ni, 'Mai motar nan ya daina bin hanyar nan ne?' Kafin in buɗe baki Yaya Sada ya ce ai an kore ka, ka tafi Kaduna. Na ce ƙarya ne, na gan ka da idona kun wuce. Ta ce in da ya wuce da na ji. Tun ranar ba ta ƙara cewa a fid da ita ba, kunu ma sai an yi da gaske."

Na ce, "To ni mi zan yi? Rantsuwa na yi."

Ta ce, "Ka ci rantsuwarka ka ƙoshi." Ta juya ta tafi. Yarinyar da na goya.

Sada. Sada. Ko a lahira aka ce in zauna kusa da shi sai na nemi canji.

Lahadi, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Akwai wani tsohon shu a kwandon tarkacen gareji, ƙusoshinsa a waje kamar na wancan. Na ɗaga motar, na kwance tayar baya ta hagu, na zare durom. Aikin rabin sa'a ne. Gobe ta yi ihun da za a ji har Kafur, Alhaji ya kore ni in ya ga dama.

Na zauna da shu ɗin a cinyata tun azahar. Maganar Luka ce ta ƙi fita daga kaina, akwai gidaje a bakin hanya. Gidan farko kuwa in mota ta ja hagu, na san ɗakin da zai fara karɓarta, da wadda ke kwance a ciki.

Na mayar da komai yadda Luka ya bari. Na ɗaure notinan har sai da tafin hannuna ya yi ja.

Litinin, 3 ga Agusta, bayan magariba

Na tsayar da mota a kan gangaren, na ja birkin hannu, na sa dutse a taya. Alhaji ya ce lafiya? Na ce ya ba ni minti goma.

"A tsakiyar hanya? Samadu, in ka fita daga motar nan ka bar makulli."

Na bar shi a jiki.

Sada yana zaure yana gyara ƙota. Ya ɗago, ya yi wannan murmushin nasa. "A'a. Rantsuwar fa?"

Na ce, "Tsakanina da Allah ce, ba da kai ba. Matsa."

Ya matsa. Ban gaishe shi ba.

Ɗakin yana nan yadda na san shi, sai dai ita ta ƙanƙance. Da na yi sallama ta gane muryar, ta ja mayafi ta juya fuska bango, yadda take yi tun ina yaro. Na durƙusa a bakin gado na gaishe ta. Ba ta amsa mani ba. Ta ce, "Lauratu, ba baƙo ruwa."

Na sha. Ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Na zo da magana cike da ciki, ta zaure, ta gona, ta shekara talatin da huɗu, na nemi ko ɗaya na rasa.

Can ta ce, "Lauratu, tambayi mai motar, mi ya sami motar tashi ta daina magana?"

Na ce, "Lauratu, ce mata an gyara ta."

"Ce mashi wanda ya gyara bai kyauta ba."

Lauratu tana tsakiyarmu ba ta isar da saƙon kowa ba, hawaye kawai take yi. Na ce, "Ce mata daga yau mai motar zai riƙa shigowa da ƙafarsa." Na yunƙura zan tashi sai na ji an riƙe ni. Fuskarta tana bango, amma ta miƙo hannu ta baya ta kama bakin rigata. Ba minti goma na yi ba.

Na tarar da Alhaji yana nan a kujerar baya inda na bar shi, don bai iya tuƙi ba. Na ja shi har Malumfashi, na dawo da shi Funtua. A ƙofar gida ya miƙo hannu, na sa mashi makulli.

Talata, 4 ga Agusta, azahar

Liman ya ce kaffara ciyar da mutum goma ce, wanda ba shi da hali ya yi azumi uku. Mutumin da aka kora jiya, azumi ne nasa. Yau na ɗaya.

Na ga Ɗanasabe yana fitar da Fijo daga gareji, ya goga ta da ginshiƙi. Allah ya ƙara.

Alhamis, 6 ga Agusta, bayan shan ruwa

Azumi na uku. Na hau tsohon kekena tun da asuba, na isa Tudun Maje da hantsi, an ɗan yi yayyafi. Da na kama birki a gangaren, robar ta jiƙa, sai keken ya saki wata siririyar ƙara, ƙiii, ba ta kai rabin ta mota ba. Kafin in jingina shi na ji Inna daga ciki tana cewa, "Lauratu, shimfiɗa tabarma."

Sada yana zaure. Ban gaishe shi ba, bai gaishe ni ba.

Lauratu ta ce birkin keken nan yana son gyara. Na ce duk wanda ya taɓa mani shi sai na karya mashi hannu.